Layi na Biyar a Ganyen Huɗu ga Oktoba

A gidan 'yarsa an ba tsohon ɗakin da ke kusa da kicin, kuma ƙarƙashin gadonsa kwali uku ne cike da kalanda. Ba irin ta bango mai hoton kogi ba, mai kaurin nan ce kamar bulo, kowace rana da ganyenta, da safe ka yage na jiya ka yar. A gaban ganyen lambar rana ce ƙatuwa, a bayansa kuma layi huɗu ko biyar na abubuwan da suka taɓa faruwa a rana irin ta, da manyan mutanen da aka haifa a cikinta. Shekara talatin da huɗu tsohon ya yi a maɗaba'a yana tsinto haruffan dalma ɗaya bayan ɗaya daga gurabensu yana jera waɗannan layuka, shi ya sa unguwa ba ta san shi da wani suna ba sai Mai Haruffa. Kowace shekara yakan kawo kwafi ɗaya gida ya ajiye ba tare da an yagi ko ganye guda ba. 'Yarsa ta yi mitar ƙura da kyankyasai har ta gaji ta bar shi da kayansa.

Mutum ne mai ji da aikinsa, ji na gaske. In ka ba shi jarida, kafin ya karanta labari sai ya fara farautar kuskure, in ya samu kuwa ranar nan wuni zai yi cikin nishaɗi. Jikarsa, wadda kowa ke kira Tsinke saboda rashin kauri, a cinyarsa ta koyi karatu da waɗannan ganyaye, kuma tun ba ta iya ɗaure takalmi ba yake cusa mata cewa magana iska ce, amma abin da aka buga an duba shi sau uku kafin ya fito. Ta ɗauki zancen nan ta riƙe gam, don a wurinta Kaka ba ya faɗin abin da ba haka ba. Abin da gida ya sani game da barinsa aiki shi ne ido ya gaza aka sallame shi. Idon kam ya gaza, amma sai bayan shekara biyu da sallamar, kuma ba wanda ya taɓa zama ya lissafa.

A ajin su Tsinke malamarsu tana da wata al'ada. Duk yaron da ranar haihuwarsa ta matso, zai rubuto kati ɗauke da abin da ya faru a tarihi a ranarsa da waɗanda aka haifa tare da shi, ya kawo mata ta duba. Ranar kuma zai tsaya gaban aji ya karanta, a tafa masa, a liƙa katin a bango ya zauna har ƙarshen shekara. Doka ɗaya ce Malama ta kafa, ba ta kuma sassauta ta ga kowa: kada a rubuta abin da ba a gani a buge ba. Tsinke tun farkon zango take ƙirga kwanaki, domin ta san a duk ajin ba mai kakan da ya fi nata kayan aiki.

Ana saura kwana uku, da yamma, ganyen bishiyar ƙofar gida sun fara yin rawaya suna zubowa tsakar gida, ta shigo ɗakinsa da farin kati da biro, ta durƙusa ta jawo kwalin da ya fi kusa. Yana zaune bakin gado yana shan shayi. Ya tsokane ta cewa ranar da aka haifi mai ƙafa kamar tata ai ba abin da ya faru a duniya sai ƙarancin nama, ta ce masa shi a ranarsa ma ba a ƙirƙiro kalandar ba tukuna. Yana cikin dariya ya ji ta ce ta ɗauki ta sama, mai jan bango. Nan take dariyar ta ɗauke. Mai jan bango ita ce ta ƙarshe da ya jera.

Ta buɗe huɗu ga Oktoba, ta juya bayan ganyen, ta shiga karantawa da ƙarfi tana bin layi da yatsa. A shekarar 1582 mutanen wasu ƙasashe sun kwanta ran huɗu ga wata suka wayi gari ran goma sha biyar, saboda an gyara lissafin kalanda. Wannan ya ba ta dariya sosai, ta ce ina ma a yi haka a satin jarrabawa. A 1957 an harba tauraron ɗan'adam na farko zuwa sama. An haifi wani mai zane da ya yi suna wajen zana manoma a gona, an kuma haifi wani da ya zama shugaban ƙasa. Sannan ta iso layi na biyar, wanda ba shekara a gabansa, ta karanta a hankali:

"A rana irin ta yau an haifi wata yarinya mai nauyin kilo ɗaya da rabi, kuma ta yi kuka."

Ta ɗago kai ta tambaye shi wace ce wannan da ba a sa sunanta ba. Ga damar faɗin gaskiya ta samu a miƙe, amma tsohon nan da ya yi shekara talatin da huɗu yana gyara kuskuren mutane sai ya dubi cikin kofinsa ya ce tunda aka buga ta, ai wata ce mai muhimmanci. Tsinke ta yanke hukunci da kanta cewa sarauniya ce ko matuƙiyar jirgin sama, waɗanda suka yi girman da ba sai an faɗi sunansu ba. Ta kwafe layin da rubutunta mafi kyau, har ta zagaye shi da furanni.

Abin da ya ƙi faɗa mata kuwa ga shi. Ita ce yarinyar. Bakwaini aka haife ta, aka saka ta a kwalba a asibiti, likita ya ja tsohon gefe ya ce kada a yi saurin gaya wa dangi, a bari a ga kwana uku. Uwarta tana kwance ba ta san inda kanta yake ba, ubanta direban babbar mota yana can wata uwa duniya. Tsohon ya leƙa ta gilashi ya ga abu kamar ɗan tsako, hannunta bai kai babban yatsansa ba. A satin nan kuwa maɗaba'a tana kan jera kalandar shekara mai zuwa, kuma an iso watan Oktoba. Ganyen huɗu ga wata layi huɗu gare shi, ƙasansa da fili, inda aka saba toshewa da ɗan zanen fure. Bayan mai duba kuskure ya sa hannu ya tafi cin abinci, Mai Haruffa ya kwance firam ɗin da ke riƙe da haruffan, ya zare furen, ya tsinto haruffa ya jera layi guda, ya mayar ya ɗaure. Inji ya buga kwafi dubu ashirin. Sai da shekara ta zagayo mutane suka yago ganyen, mai maɗaba'a ya gane, ya kira shi ofis. Ran nan ya dawo gida da rana tsaka ya ce ido ne.

Washegari Tsinke ta kai kati, ta dawo ba ta ko yi sallama da ƙarfi ba. Ta wuce kicin ba ta buɗe tukunya ba, abin da bai taɓa faruwa ba, ta shigo ɗakinsa ta ajiye masa katin a cinya. Ko da idonsa da ya dushe ya ga jan biro ya ratsa layi na biyar daga wannan gefe zuwa wancan. Da ƙyar ya tatsi labarin daga bakinta. Malama ta duba manyan littattafanta biyu ba ta ga wata yarinya mai kilo ɗaya da rabi ba, ta ce a gaban kowa wannan ƙirƙira ce, kuma katin da aka sa ƙarya a ciki ba zai hau bango ba. Da Tsinke ta ce a buge ta gani, Malama ta ce ta kawo a gani. Kafin a tashi tara, yaran aji sun raɗa mata sabon suna, duk inda ta gifta sai ta ji ana cewa ga Kilo Ɗaya da Rabi nan.

Ta ce ya ba ta mai jan bango ta kai gobe. Ya ce kalandarsa ba ta fita daga gida, iska za ta kama ganyen, yara za su sa hannu mai maiƙo. Ya kawo dalilai har huɗu, kowanne ya fi wanda ya gabace shi rauni, shi kansa yana jin yadda suke faɗuwa. Gaskiyar ita ce ya san in kalandar ta je, Malama za ta tambayi wace ce yarinyar, zance zai dawo gida, 'yarsa kuwa kallo ɗaya za ta yi wa layin ta gane komai. Za ta san ubanta ya jefar da aikinsa da hannunsa, ya kuma yi shekara takwas yana cin abincinta a kan ƙarya. Ya shawarci Tsinke ta sake sabon kati mai layi huɗu, a wuce wurin.

Yarinyar ba ta yi kuka ba, da ma ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta tsaya tana murza gefen rigarta, sannan ta ce, "In na cire, ai na yarda ni na ƙirƙira ke nan. Kaka, ni ce na yi ƙarya ko kalandarka?"

Ta jira, da ta ga ba amsa ta ɗauki katinta ta fita, kuma ranar ba ta dawo ta karanta masa kanun jarida kamar yadda ta saba ba. Kwana biyun nan tsohon bai ji daɗin shayi ba. Yana jin ta tana wucewa ta ƙofarsa a hankali kamar mai wuce ɗakin baƙo, abin yana cin sa. Ya tsufa, ya san kunya iri-iri, amma bai taɓa sanin irin wadda mutum ke ji in yaro ya daina yarda da shi ba.

Ran huɗu ga wata da safe, bayan Tsinke ta tafi ba ko karyawa, ya sa rigarsa ta zuwa ofis wadda ta yi masa yawa yanzu, ya naɗe mai jan bango a tawul, ya kuma zaro wani ƙunshin takardu daga ƙasan kwali ya cusa a aljihu. 'Yarsa tana shirin tafiya kantin magani inda take aiki, ta gan shi a ƙofa da sanda. Ta ce, "Baba, ina za ku da sassafen nan?" Ya ce makaranta, wata 'yar magana ce. Ta san ba zai iya tsallaka babban titi shi kaɗai ba, ta kuma san in ya kafe ba mai tanƙwara shi, sai ta ɗauki jakarta ta kama masa hannu. Shi da ya so ya yi abinsa a ɓoye, ga shi wadda yake ɓoye wa ce ke yi masa jagora.

Ajin yana ƙarshen baranda, bangonsa na hagu cike da katuna masu launi. Malama matashiya ce mai tabarau, ba muguwa ba ce, irin mutanen nan ne da suka yarda cewa in ka sassauta doka sau ɗaya ta tashi aiki. A wani zamanin da sun yi shiri da tsohon ƙwarai. Ta tarbe shi da ladabi, ta ba shi kujerarta, ya ce a tsaye zai yi. Tsinke tana layi na uku ta sunkuyar da kai. Uwarta ta tsaya a bakin ƙofa tana duba agogo.

Ya warware tawul, ya miƙa wa Malama kalandar ya ce ta buɗe ranar yau. Ta buɗe, ta karanta, ta gyara tabarau ta sake karantawa. Ta ce lallai a buge yake, ta ba yarinyar haƙuri a gaban kowa ba tare da jan rai ba. Da tsohon ya so, nan zai tsaya ya naɗe kayansa ya tafi da mutuncinsa. Amma Malama ta riga ta buɗe baki za ta yi tambayar da ya sani, shi kuma ya gaji da jiran ta.

Ya ce, "Malama, ba ki yi kuskure ba, layin nan ba ya cikin kowane littafi. Yarinyar nan ba ta ƙirƙiri komai ba, ni na ƙirƙira. Ni na jera shi da hannuna bayan an gama dubawa, ba da izinin kowa ba."

Ya juya wajen yaran, don ya fi masa sauƙi ya kalli inuwarsu da ya kalli ƙofa. Ya ba su labarin kwalbar asibiti, da abin da likita ya ce, da filin da ya rage a ƙasan ganye. Ya nuna musu da yatsu yadda ake tsinto harafi a jera shi a juye, daga ƙarshe ya faɗi abin da bai taɓa faɗa wa kowa ba.

"Tsoro na ji. Na ce in ta tafi a kwana ukun nan, ba wanda zai san ta zo, ko suna ba a sa mata ba. Ga sarakuna da shugabanni ina ta jera su shekara da shekaru, ban san ko ɗayansu ba. Na ce wannan da na sani, bari in sa ta a cikinsu, ko ba komai baɗi war haka gida dubu ashirin za su karanta cewa ta zo duniya har ta yi kuka."

Wata yarinya a gaba ta ɗaga hannu ta tambaya ko jaririyar ta mutu. Tsohon ya ce a'a, tana nan layi na uku, ba ta karya ba ta fito. Kawuna suka juya gaba ɗaya. Tsinke ta dubi hannayenta kamar yau ta fara ganinsu.

Sai a lokacin ya yi ta maza ya waiga ƙofa. Ba ya ganin fuskar 'yarsa sosai daga nan, amma ya ga ta daina duba agogo, ta sa bayan hannu ta toshe baki. Ya ce mata, a gaban yara talatin da malamarsu, ba ido ba ne ya raba shi da aiki, wannan layin ne, ta yafe masa. Ta tako har inda yake. Ya zaci faɗa za ta yi, don ta iya, a wurinsa ta gada. Sai ta kama gyara masa wuyan riga da bai karkace ba, tana gyarawa tana sake gyarawa, ta ce da murya ƙasa-ƙasa, "Ni ina kwance ban ma ji kukan nata ba, Baba. Ashe ta yi kuka." Ya ce ta yi, ƙarami ne amma ta yi, shi ya ji.

Malama ta cire tabarau ta goge, ta daɗe tana gogewa. Sannan ta ce dokarta ita ce a kawo abin da aka gani a buge, kuma an kawo, saboda haka kati zai hau bango. Ta kira Tsinke gaba. Yarinyar ta karanta kwana goman da suka ɓace, da tauraron da aka harba, da mai zane, da shugaban ƙasa. Da ta iso layin da jan biro ya ratsa ta tsaya, sannan ta karanta shi da ƙarfi fiye da sauran. Aka tafa, har da waɗanda suka raɗa mata suna, su ne ma suka fi kowa ƙarfin tafi, kamar yadda masu laifi suka saba.

Da aka fita tara, su uku suka zauna a kan benci a baranda. Uwar ta riga ta makara aiki, ta kuma daina damuwa. Tsinke ta zauna a tsakiya, ta tambayi kakanta yadda aka yi mai maɗaba'a ya gane, tunda layi ɗaya ne a cikin ganye ɗari uku da sittin da biyar. Tsohon ya sa hannu a aljihu ya fito da ƙunshin nan, an ɗaure shi da zaren da ake ɗaure haruffa. Ya ce wasiƙu ne suka tona shi. Mutane sun yago ganyen, sun karanta, suka rubuto wa maɗaba'a, mai gidan kuma ya watsa masa su a tebur ranar sallama ya ce ya kwashe tsiyarsa. Guda arba'in da ɗaya ne.

Tsinke ta kwance zaren ta buɗe ta farko. Wata mata ce, ta ce ita ma ta taɓa haifar irin wannan, tana so ta san ko ta kalanda ta rayu. Ta biyu wani mai gadi ne, rubutunsa duk a karkace, tambayarsa ke nan shi ma. Ta uku 'yan aji huɗu ne na wata makaranta suka haɗu suka sa hannu. Uku kacal ne a ciki suka yi ƙorafin an ɓata musu kalanda, sauran duk abu ɗaya suke son ji. Ta tambaye shi me ya ce musu. Ya ce bai amsa ko ɗaya ba, da farko kunya ta hana shi, daga baya ido.

"Shekara takwas suna jira?" in ji ta.

Ya ce haka ne. Ta dube shi irin kallon da uwarta ke yi masa in ya manta shan magani, ta tashi ta shiga aji, ta dawo da littafin rubutu da biro. Ta yage takarda daga tsakiya, ta ɗora a gwiwa, ta ce wa uwarta ta riƙa karanto mata adireshi. Uwar ta ce wasu sun tashi daga gidajen, wasu ma wataƙila ba sa duniya. Tsinke ta ce a dai aika. Ta rubuta kwanan wata a sama, ta yi ɗan tunani, sannan ta rubuta tana faɗa a fili don Kaka ya ji ko akwai kuskure:

"Ni ce yarinyar huɗu ga Oktoba. Na rayu. Yau shekarata tara, kilona ashirin da huɗu."

Ta tambaye shi ko ya yi. Tsohon ya gyaɗa kai. Ta ajiye takardar a cinyarsa ta yago ta biyu.